Ƙulli na Uku a Igiyata

Litinin, 9 ga Satumba

An ba ni darasin! Shekara shida ina yi wa ofishin Shugaba sintiri, yau dai ta gaji da ganin fuskata ta sa hannu. Sunansa "Sararin Samaniya, Rai da Ɗan Adam". Darasin zaɓi ne, wanda ya ga dama ya shiga, Litinin da Alhamis bayan hutun rana. Amma da sharaɗi: gwaji ne na zango ɗaya. Ranar 5 ga Disamba sufeto zai zo, iyaye za su zo, in tsaya a gabansu in nuna abin da muka yi. In ya gamsu darasi ya zauna, in bai gamsu ba a naɗe.

Yara goma sha bakwai suka rubuta suna. Na san rabinsu gudun ajin zane ne ya kawo su, ba ƙaunar taurari ba. Oho dai, sun shigo hannu.

Ni zan ɗauki sama da ɗan Adam, Malamar Halittu ta ɗauki tsakiya, wato rai. Ɗalibata ce a da. Har yau in na shiga ɗakin malamai sai ta yi zumbur ta miƙe, na hana har na gaji.

Na sayi littafin nan a hanya. Maman yara ta ce na mene ne, ni da ba na rubutu? Na ce na tsara darasi ne.

Alhamis, 12 ga Satumba

Na ɗaura igiyata. Mita goma sha huɗu ba kaɗan, daga ƙusar bakin ƙofar aji, ta bi baranda, har ƙusar jikin tagar ɗakin gwaje-gwaje. Kowace mita shekara biliyan ɗaya ce, gwargwadon awon masana. Ƙulli tara na yi mata: na farko mafarin komai, na biyu taurarin farko, na uku haihuwar rana, sai duniyarmu, sai rai, sai iskar da muke shaƙa, sai kifi, sai ɓacewar manyan dabbobin nan masu kama da ƙadangare. Na tara silin zare ne kawai a can bakin igiyar. Shi ne mu. Na ce musu duk yaƙe-yaƙe da gine-gine da jarrabawar ƙarshen shekara suna cikin kaurin zaren nan. Aji ya yi tsit. Abin da nake nema ke nan shekara shida.

Kowane darasi daga ƙulli na farko za mu faro, mu bi har inda muka tsaya. Doka ɗaya na kafa: ba a yi wa igiyata rubutu. Ba kati, ba lamba, ba alli. Ka kama ƙulli, ka faɗi abin da ke wurin daga kanka. Shekara talatin da ɗaya ina koyar da kimiyya, ban taɓa shiga aji da takarda a hannu ba, kowa ya sani a makarantar nan.

Wata yarinya a layin gaba, 'yan ajin suna ce mata Lauya, ta ɗaga hannu: "Malam, in mutum ya manta fa?" Na ce wanda ya manta ya koma ajin zane. Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba, rubuta dokar ta yi a littafinta.

Litinin, 23 ga Satumba

Wani abu ya faru yau, ƙarami ne.

Ina riƙe da ƙulli na biyu, ina bayanin yadda hasken tauraro ke daɗewa a hanya kafin ya iso idonmu. Na buɗe baki in faɗi gudun haske. Babu. Ba kuskure na yi ba, a'a, wurin da lambar take zama a kaina na tarar wayam, kamar ka sa ƙafa a matakala ka ji babu ita. Lambar da na faɗa sau dubu nawa!

Sai na wayance. Na haɗe rai na ce, "Wa zai gaya min gudun haske? Ko duk kun zo ɗumama benci ne?" Lauya ta ce kilomita dubu ɗari uku a daƙiƙa. Na ce da kyau.

Gajiya ce. Ban karya da kyau ba da safe.

Laraba, 25 ga Satumba

Makullin babur a cikin firiji, kusa da madara. Maman yara ce ta gano shi. Ta ajiye min a kan tebur da sanyinsa.

Asabar, 28 ga Satumba

Bari in faɗi gaskiya ko a nan ne. Ba don tsara darasi na sayi littafin nan ba. Don in riƙa rubuta ranakun da abin ya zo ne, in ga ko yana ƙaruwa. Tun kafin a buɗe makaranta na fara jin sa.

Baba yana da sittin da ɗaya ya fara. Ni ina da hamsin da takwas. Shi ma da ƙananan abubuwa ne. Tela ne da ba ya rubuta awon kowa, ya kalle ka sau ɗaya ya yanka yadi, sai ga shi ya ɗinka wa mutum riga hannu ɗaya ya fi ɗaya. Muka yi ta dariya, Allah ya yafe mana. Shekara huɗu bayan nan na shiga ɗakinsa na gaishe shi, ya tashi da ladabi ya kakkaɓe min kujera ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Wa ake nema?" A hannunsa akwai maɓallin riga guda ɗaya, yana murzawa. Da shi yake yini, in an karɓe sai kuka. Da shi a hannu ya rasu.

Ina tsoro. Ga shi na rubuta. Wallahi ina tsoro.

In makaranta ta sani, na san inda za a kai ni. Tsohon malamin lissafi da idonsa ya raunana, ba korarsa aka yi ba, wai sauƙaƙa masa aka yi: aka ba shi kujera a ɗakin ajiyar littattafai yana buga hatimi. Wata bakwai ya yi a wurin, ban ƙara jin ya yi doguwar magana da kowa ba. Ni in aka raba ni da aji, me ya rage?

Alhamis, 3 ga Oktoba

Yau lafiya lau! Ƙulli na uku, rana. Minti arba'in ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na gaya musu ita ma rana tana da ajali, nan da shekara biliyan biyar za ta kumbura ta ƙare. Wani dogo a layin baya ya ce, "To Malam, aikin gidan nan da ka ba mu, akwai amfanin yin sa?" Na ce ya kawo min ranar Litinin, in rana ta mutu kafin nan na yafe.

Na dawo gida ina 'yar waƙa a kan babur. Wataƙila ni ne da sa wa kai damuwa.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na ɗaura igiyar a juye.

Kullum ni ke naɗe ta bayan darasi, ni ke ɗaura ta. Yau na sa bakin ɗan Adam a ƙusar ƙofa, inda mafari yake zama, ban lura ba. Na kama silin zaren nan na ce ga mafarin komai. Na matsa kaɗan na kama ƙullin ƙadangaru na ce ga taurarin farko. Na kama na kifi na ce ga rana. Ina ta zuba. Na ga suna kallon juna, na ɗauka daɗin bayani ne.

Lauya ta ce, "Malam, afuwan. Wancan makon rana tana can wajen taga, taku goma daga nan. Yau ta matso ne?"

Na duba hannuna, na duba igiya.

Abin da na yi bayan nan shi ya fi ci min rai. Na daka mata tsawa, na ce rashin kunya ce, ta bar min wurin. Ta tattara littattafanta, ta je ta tsaya a tsakar fili cikin rana har aka buga ƙararrawa. Sauran na ce musu gwada su na yi, in ga mai lura. To in gwaji ne, don me na kori wadda ta ci? Ko Dogon baya bai yi dariya ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Ban ba ta haƙuri ba. Na hango ta a bakin famfo na canza hanya. Ni, da furfurata.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Makon Malamar Halittu ne, ni ina zaune a baya. Ta kawo ruwan kududdufi a kwalba, suka ɗiga a ƙarƙashin madubin duba ƙananan halittu, suka ga abubuwa suna iyo, sai ihu. Ta iya, ta fi ni haƙuri.

Da aka tashi na tambaye ta ko ta karɓi makullin ɗakin taro don ranar sufeto. Ta ce, "Na karɓa, Malam." Sai ta ƙara a hankali, tana goge gilashi ba ta dube ni ba: "Ɗazu da safe ma na gaya maka."

Ban tuna na tambaye ta da safe ba, ko alama. Na ce ai tabbatarwa nake yi. Ta ce haka ne, Malam.

Daga teburinta zuwa ƙofar Shugaba taku biyar ne.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na zama sufeton kaina. Ina wanke fuska ina jera duniyoyi takwas daga kusa da rana zuwa nesa. Ina cin abinci ina ɗebe bakwai-bakwai daga ɗari. Maman yara ta ce, "Malam, me kake ƙirgawa ne bakinka na ta motsi?" Na ce mutum ba zai yi tunani a gidansa ba sai an sa masa ido? Ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta koma kicin. Ban saba yi mata haka ba.

Auta ta bugo waya daga jami'a. Muna magana ina kallon hotonta a bango, ina cewa a raina: har wannan fuskar? Wata rana in kakkaɓe mata kujera? Ta ce, "Baba, mura kake yi?" Na ce e.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Masinja ya ce Shugaba na kira. Ban san yadda na isa ofishin ba. Na riga na shirya abin da zan ce: ƙarya ce, sharri ne, a kawo wanda ya faɗa.

Ashe kujeru ne, nawa za a jera ranar sufeto. Na ce sittin, ranki ya daɗe. Ta ce, "Na gaya wa sufeto ba ka duba takarda, bai yarda ba. Na ce ya zo ya gani da idonsa." Tana murmushi, alfahari take yi da ni.

Na fito na shiga banɗaki na kulle, na daɗe ban fito ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Mun iso silin zare. Na ba su labarin wani ƙoƙon kai da masu tono suka samu, na wani tsoho daga mutanen farko-farko. Haƙori ɗaya ya rage masa, ramukan sauran sun shafe, alamar ya daɗe yana raye a haka. A zamanin da ba tukunya, ba cokali. Na ce, to wa ke ciyar da shi? Wasu masana suna ganin wani ne ke tausasa masa abinci, wani ke jiransa in an tashi tafiya. Na ce wataƙila daga nan ɗan Adam...

Na kasa ƙarasawa. Ni na riƙa ba Baba abinci a baki shekara biyu, yana ce min na gode, Malam. Na juya na yi kamar ina gyara ƙusa.

Wani abu kuma. Kwanan nan tambayoyinsu sun canza. Da na kama ƙulli sai wani ya yi caraf: "Malam, wannan ba shi ne na iska ba?" "Malam, nan ne kifi, ko?" Tambaya da amsarta a ciki. Da farko na ce yara sun kama karatu. Yanzu na sha jinin jikina. Lauya ba ta ƙara ɗaga hannu ba tun ranar da na kore ta, amma na ga tana zungurar na kusa da ita da biro kafin ya yi magana.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Gwajin ranar sufeto. Ƙulli na ɗaya lafiya, na biyu lafiya. Na kama na uku, wuta ta ɗauke a kaina. Na san abu ne babba, na san mai zafi ne, har ina jin sa a wuyana ta taga, amma sunan ya ƙi zuwa. Rana! Kalmar da ɗan shekara biyu ya sani. Ƙararrawa ce ta cece ni.

A ɗakin malamai na yagi takarda na jera ƙulli tara da sunayensu, na ninke na sa a aljihu. Kafin in kai wurin babur na ciro na yayyaga. In na riƙe takarda a ranar, Shugaba za ta tambayi dalili. In ban riƙe ba kuma in tsaya kamar gunki a gaban mutum sittin.

Na yi tunanin in kwanta ciwon ƙarya. Amma in ban zo ba darasin ya mutu.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Saura mako ɗaya.

Litinin, 2 ga Disamba

Na je ɗauko igiya a ɗakin gwaje-gwaje na tarar ba ta nan. Na ce shi ke nan, na ajiye ta wani wuri na manta. Ashe tana baranda, an riga an ɗaura daidai, mafari a ƙofa. Su sha bakwai suna tsaye a jikinta sun yi tsuru-tsuru, Malamar Halittu a bayansu tana duban ƙasa. Ita ke da ɗaya makullin ɗakin gwaje-gwaje.

An ɗaura wa ƙullayen abubuwa da zare. Na taurari tsinken ashana, na duniyarmu 'yar tsakuwa, na rai ƙwayar wake, na iska guntun balan-balan, na kifi ƙaya, na ƙadangaru ɓawon ƙwai. A bakin igiya silin gashin wani.

Na ce, "Wa ya taɓa min igiya? Me na ce game da igiyata?"

Lauya ta buɗe shafin farko na littafinta ta karanto: "Ba kati, ba lamba, ba alli. Sha biyu ga Satumba." Ta rufe. "Ba mu yi rubutu ba, Malam." Ba ta sunkuyar da kai ba.

Na ce don me? Dogon baya ya ce, "Don mu ne, Malam. Mu ne masu mantuwa." Ƙarya ce, kuma duk mun san ƙarya ce.

Sun sani. Tun yaushe? Wa suka gaya wa a gida? Kuma iyayen nan duk za su zo ranar Alhamis.

Na bi igiyar don in ɓoye fuskata, har na kai ƙulli na uku. Maɓallin riga suka ɗaura masa, rawaya, zagayayye, mai huda huɗu. Don ya yi kama da rana, na gane. Ina za su sani? Yatsuna suka fara murza shi da kansu, babban yatsa a sama, manuni a ƙasa, sak yadda Baba yake yi. Na fizge hannu kamar na taɓa garwashi.

Ban ce a cire ba. In na ce a cire sai na faɗi dalili.

Laraba, 4 ga Disamba

Gobe. Maman yara ta goge min farar riga ta rataye. Ta ce za ta zo kallo, na ce ba sai ta zo ba, ta ce ba izini take nema ba.

Ya Allah, minti arba'in kawai nake roƙo.

Alhamis, 5 ga Disamba

Zan rubuta duka yanzu da yamma, tun yana nan a kaina.

An ɗaura igiyar a ɗakin taro daga bango zuwa bango. Kujeru sittin sun cika har da na tsaye. Sufeto ɗan siriri ne mai tabarau, fayil a cinya, biro a buɗe, Shugaba a gefensa. Maman yara a layi na uku, ta riƙe jakarta da hannu biyu.

Ƙulli na farko ya tafi daidai. Na biyu, ashana ta taimaka, gudun haske ya zo da kansa. Daga na biyu zuwa na uku tafiya ce mai tsawo, mita tara babu komai, na bi ta ina magana, hannuna yana zamewa a kan igiya. Na san abin da ke jirana. Na ce a raina ba zan taɓa shi ba, zan kama ta gefe.

Hannu bai ji magana ba.

Da maɓallin ya shiga yatsuna, ɗakin taron ya tafi. Ina shagon Baba, ina jin ƙamshin man keken ɗinki da sabon yadi. Na ɗago na ga mutane jere a kan kujeru suna kallona, kuma na ɗan lokaci, Allah ne shaidata, ban san me suka zo yi ba. Ban san me ke hannuna ba. Fanka tana juyawa. Biron sufeto ya tsaya.

Tsohuwar dabarar ta zo bakina, ta haɗe rai da ɗumama benci. Na juya wajen yaran don in yi ta. Suna tsaye a jikin bango. Lauya tana gaba, leɓenta na motsi, tana faɗa min kalmar ba sauti, idonta ya cika da ƙwalla. Yarinyar da na tsayar a rana. Kunya ta hana ni.

Na ce, "Na manta." Da ƙarfi na faɗa, har na baya suka ji. "Wannan ƙullin na manta shi. Wa zai tuna min?"

Hannu sha bakwai. Na nuna ta. Ta tako ta kama igiyar kusa da hannuna ta ce, "Rana ce, Malam." Ta juya ga mutane ta yi bayanin haihuwarta da ajalinta, har da maganar aikin gida, aka yi dariya. Daga nan ban karɓe ba. Na ce na gaba wa zai ɗauka? Dogo ya fito. Haka suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, ina biye da su. A silin gashi wata shiru-shiru da ban taɓa jin muryarta ba ta ba da labarin tsoho mai haƙori ɗaya, ta ƙarasa inda na kasa.

An yi tafi. Sufeto ya kama hannuna da nasa biyu ya ce, "Malam, wannan dabarar ta yin kamar ka manta, ban taɓa ganin irinta ba. Har ni ka ruɗa!" Ya ce zai rubuta a bar darasin.

Na ce na gode. Ashe ana iya tsira a haka. Zan iya wata shida ina "dabara", wataƙila shekara, yara suna rufa min asiri, kowa yana tafi. Wannan tunanin ya fi tsayuwar ɗazu ba ni tsoro.

Maman yara ba ta yi tafi ba. Na duba.

Juma'a, 6 ga Disamba

Na tsayar da Lauya a baranda. Na ce ranar nan ni ne ban kyauta ba, ki yi haƙuri. Ta ce, "Ba komai, Malam. Kakata ma haka take, a gidanmu take zaune."

Daga nan ofishin Shugaba. Ban shirya ba, ƙafa ce ta kai ni. Na ce ranki ya daɗe, jiya ba dabara ba ce. Ta ce wa ya sani? Na ce da alama kowa, ban da ke da sufeto. Ta ce ba za ta yanke komai ba sai ta ga takardar likita, kuma zango mai zuwa Malamar Halittu za ta riƙa shiga kowane darasi tare da ni. Ba ta ambaci ɗakin littattafai ba. Ba ta kuma ce ba za a kai ni ba.

Asabar, 7 ga Disamba

Na gaya wa Maman yara muna shan shayi da safe. Na fara doguwar shimfiɗa, ta katse ni: "Tun ranar firiji nake jira ka buɗe baki. Sau biyu ina karɓo maka ranar ganin likita ina sokewa." Na ce irin na Baba ne, na sani. Ta ce, "Kai likita ne? Taurari aka ce ka sani. Ƙila shi ne, ƙila wani abu ne mai magani. In ma shi ne, ai tare muka yi jinyar Baba, ban manta hanya ba." Sai ta tashi da sauri wai ruwa yana tafasa. Babu komai a kan wuta.

Talata, 10 ga Disamba

Ƙarfe tara za mu ga likita. Tsoron yana nan inda yake, ko shayi ban iya sha ba.

Jiya na naɗe igiya da kayanta duka, maɓallin ma na bar shi. Yara sun sha wahalar ɗaurawa, shi ke nan dalili. Na kuma rubuta tambayoyi uku a 'yar takarda na sa a aljihun gaba. Ba wani abu ba ne, likitoci ba su da lokaci, gara mutum ya je a shirye.

Ta ce in ɗauko littafin nan, likita zai so ya san ranakun. Na ce ai na tsara darasi ne. Ta ce ta sani, in ɗauko dai.

Ga ta can a bakin ƙofa tana kira, makullin babur a hannunta. Ban tambaye ta inda ta tsince shi ba.